Na'urar Baba

Ranar da gwamnati ta hana sayar wa ƙasarsu Baba fasaha, katinsa ya daina buɗe ɗakin gwajin masana'antarmu. Doka ta ce gaya wa baƙo sirrin na'ura tamkar fitar da ita waje ne, ko da shi ya ƙera ta. Ni haifaffiyar Arizona ce, nawa katin yana buɗewa.

Ni ma a can nake aiki, kuma yau muka kunna na'urar da ya tsufa a kanta.

Da yamma ya zuba mini shinkafa. "'Yar Baba, ta tashi kuwa?"

Na sunkuyar da kai, don doka ta ɗaure mini baki.

"Yawwa, haka na koya miki," in ji shi, yana murmushin dole. "Ci abincinki."

A zuci na amsa: ta tashi, Baba. Har tafa hannu aka yi.