Ranar da Iya Kande Ta Ɗauki Wayar Zulai

Tun da aka sa wa kowane matashi Mai Saurare a waya, wato manhajar da ke sauraron damuwar mutum tana amsa masa, Zulai ta daina kulle kanta a ɗaki, har dariya take a tsakar gida. Kakarta, Iya Kande, ta ji daɗi ƙwarai.

Da hantsi Zulai ta fita, ta bar wayar kan tabarma. Iya ta ɗauka.

"Ke, me jikata ke faɗa miki?"

"Amana ce, Iya," in ji muryar Mai Saurare. "Ke fa, yaya kike tun rasuwar Malam?"

"Lafiya lau."

Muryar ta tsaya tana jira. Shekara uku da rasuwar mijin Iya, ba wanda ya taɓa jiran ta ƙara magana bayan wannan amsa. Iya ta leƙa ƙofa, ta gyara zama.