Ƙwaya a Kunun Bushira

Saura kwana goma sha biyu Bushira ta rubuta jarrabawar shiga makarantar ungozoma, karo na uku, amma mahaifiyarta Sa'adiya ce ta kasa zama wuri ɗaya. Ta juya shinkafar da ta shanya a tsakar gida, ta leƙa ɗakin yarinyar, ta dawo ta sake juya wadda ta riga ta juya. Shekara ashirin tana turara shinkafa a Haɗeja, hayaƙi ya ci mata ido. Ba ta son autarta ta gaji tukunyar nan.

Duk abin da aka saba ba mai karatu ta ba ta: rubutu, zabibi, zuma. Ana nan sai maƙwabciyarta Umma ta shigo aron rariya, ta kwance bakin mayafi.

"Yaya Sa'a, ke har yanzu kina zamanin zabibi? Ga maganin da likitan Kano ya rubuta wa maigidana, saboda ciwon barcin nan da ke kayar da shi ko a kan babur. 'Yan jami'a rububinsa suke yi. Ƙwaya ɗaya, ƙwaƙwalwa ta buɗe kamar an saki ruwan dam."

"Ita fa lafiyarta ƙalau."

"Yo abin da ya tayar da mara lafiya, ina ga mai lafiya?"

Sa'adiya ta san halin 'yarta, ko maganin ciwon kai ne sai ta karanta takardarsa. Don haka ba ta gaya mata ba. Ai rubutu ma ba a neman izinin yaro kafin a ba shi, in ji zuciyarta. Kullum da safe sai ta murƙushe ƙwaya ɗaya da bayan cokali, ta zuba a kunun gyaɗa, ta ƙara sukari.

Cikin kwana uku Bushira ta canza. Daga hantsi har la'asar ba ta ɗaga kai daga littafi. Tuwo ya dawo yadda aka kai shi. Ƙafarta na rawa, leɓe ya bushe, ido ya yi zuru-zuru.

"Inna, ƙirjina na bugawa kamar injin casa, barci ma ya ƙaurace mini. Amma wallahi karatu na shiga. Bana dai na gano kan abin."

"Albarka ce, Auta. Shanye kununki."

Sa'adiya ta koma bakin murhu.

Ranar jarrabawa ta murƙushe guda biyu.

Ba a yi awa ɗaya da fara rubutu ba aka fito da Bushira ranga-ranga, aka sa ta a Keke Napep sai asibiti. Da ta farfaɗo likita ya tambaye ta me ta sha.

"Ban sha komai ba, likita. Kunu ne kawai."

Ya juya ga mahaifiyar. "Hajiya, wannan bugun zuciya ba na kunu ba ne. In ban san abin da ke jikinta ba, ina iya ba ta abin da zai ƙarasa ta."

Sa'adiya ta dubi ƙasa, ta dubi ƙofa. Sannan ta kwance bakin zani, ta ajiye ragowar ƙwayoyin a kan tebur, a gaban idon 'yarta.

Bushira ta rayu. Jarrabawa ta wuce, zuciyarta kuma likita ya ce sai an yi watanni ana dubawa. Bayan kwana biyu, fuskarta na kallon bango, ta yi magana a hankali.

"Inna, ni na ɗauka ƙoƙarina ne. Da na ci jarrabawar nan, wa ya ci?"



Ya kai mai karatu, maganin da likita ya rubuta wa mara lafiya ba maganin basira ba ne, a jikin mai lafiya guba ne. Ɗalibi kada ya sha, iyaye kada su bayar. Kyakkyawar niyya ba ta rage wa ƙwaya ƙarfi.