An Buga, Ban Amsa Ba

"Umma, me ya sa in an buga mana ƙofa muke yi kamar mun mutu?"

Sajida ce ta yi tambayar, 'yar shekara bakwai. Rakia ta harare ta, ta ce kar ta ƙara jin wannan magana a bakinta. Amma ita kanta ta san yarinyar ba ƙarya ta yi ba.

Shekara takwas ke nan da Rakia da mijinta Alkasim suka zo umara daga Damagaram, ba su koma ba. Iƙama, wato takardar izinin zama, babu. Bara aka kama Alkasim a wurin aiki aka mayar da shi gida, ya bar ta da ciki. Yanzu ita ce da Sajida da Badaru, ɗan wata takwas, a wani ɗaki a saman tsohon gida a unguwar Ammariyya, cikin Jidda. Rufin kwano ne, taga ɗaya, ita ma an toshe ta da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki.

Dokar gidan ɗaya ce: kowa ya buga, shiru. In Rakia za ta kasuwar Bab Makka sayar da gyaɗa da zoɓo, sai ta bar yaran a ɗaki, ta kunna mukayyif, ta saka kwaɗo ta waje, don mai zuwa ya ɗauka babu kowa.

Sai aka fara haƙa unguwar. An ce wutar jirgin ƙarƙashin ƙasa za a ja. Aka tsaga titi biyu, aka kafa shinge, aka jibge naɗin waya wanda ya fi mutum tsawo. Motar ruwa ta daina shigowa, mai burodi ya rufe ya tashi. Ko'ina ka duba, maza ne da riguna masu ɗaukar ido, da takardu a hannu.

Maƙwabciyarta Munira, haifaffiyar Jidda, ta sha gaya mata cewa waɗannan ma'aikatan wuta ne, ba masu kame ba. Har tsiya take mata, wai Rakia ko kyanwa ta gani da rawayar riga sai ta shige ƙarƙashin gado.

"Ke dai da iƙamarki, Yaya Munira," in ji Rakia. "Ni duk mai takarda a garin nan ɗaya ne a wurina."

Ran Lahadi aka buga mata ƙofa har sau uku. Ta rungume Badaru, ta zare wa Sajida ido. Da mai bugun ya gaji, sai ya turo wata takarda ta ƙasan ƙofa, rubutun Larabci da hatimi. Rakia ba ta karatu, Sajida kuwa ba ta taɓa shiga aji ba. Ta so ta kai wa Munira, sai zuciyarta ta ce in sunanta ne a ciki fa? Gwamma kar ta sani. Ta yayyaga ta, ta cusa cikin shara.

Ran Talata, tsakiyar zafi, ta fita da sassafe kamar kullum. Munira ta hau sama da niyyar su tafi tare gidan 'yar'uwarta, ta ga kwaɗo, ta ɗauka Rakia ta riga ta kwashe yara. Ta juya.

Ana gab da azahar wata mai sayen zoɓo ta zauna tana fifita, tana mitar cewa tun ƙarfe takwas aka yanke wutar Ammariyya, wai za a haɗa sabuwar waya, sai la'asar za a dawo da ita.

Rakia ba ta ma san inda ta bar farantinta ba. Tasi ta kai ta bakin shinge, direban ya ce halas, mota ba ta wuce nan. Ta zagaye ramin da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Makulli ya faɗi daga hannunta sau biyu kafin kwaɗon ya buɗe.

Zafin da ya buge ta kamar an buɗe tanda. Sajida na kwance a bakin ƙofa, leɓenta ya tsage. Bokitin ruwa a kife. Yarinyar ta yi ta jiƙa ɗankwali tana shafa wa ƙanenta har ruwan ya ƙare. Badaru na kan katifa, jikinsa a sake, ba ya numfashi.

Mutanen layi suka kai su asibiti. Sajida ta farfaɗo. Badaru kuwa kafin magariba an yi masa sutura.

Washegari Munira ta kawo tata takardar, ta karanta mata tana kuka. Sanarwa ce kawai: za a yanke wuta ran Talata, duk mai jariri ko tsoho ko marar lafiya ya fita da shi, ko ya kira lambar da ke ƙasa. Babu sunan kowa. Babu maganar iƙama.

Sajida ta buɗe ido, ta kamo gefen zanin uwarta.

"Umma, wani mutum ya zo da safe. Ya buga, yana tambaya ko akwai mutum a ciki. Badaru ya fara kuka, na rufe masa baki. Ban amsa ba, kamar yadda kika ce."

Rakia ta kasa kallonta.

Iyaye mata da ke zaune a ƙasar mutane, tsoronmu yana da dalili, amma ba kowace takarda ce ta kame ba. In an turo miki rubutun da ba ki gane ba, ki kai wa wanda kika yarda da shi ya karanta miki a ranar. Kuma ko mene ne dalilinki, kada ki kulle yaro ta waje ki tafi. Mukayyif ba uwa ba ce, wuta na ɗaukewa ɗakin ya zama kabari.