Farashin Ceto

A Gusau yanzu ba a karɓar naira, sai tauraro, kuɗin wasan jarumai na waya. Ceton mutum a wasan tauraro ɗaya ne. Idan ka bari ya daɗe yana ihu, biyar.

Asabe ta je sayen man gyaɗa wurin Malam Tanko.

"Tauraro tara, Hajiya."

"Haba Malam, yau mutum biyu kawai na ciro daga gobara."

"Gaggawa kike yi. Ki riƙa barinsu su ɗan ƙone."

Ana haka wani tsoho ya faɗo daga babur, goshinsa na jini, yana neman taimako. Mutane suka kewaye shi, ba wanda ya sunkuya. Asabe ma ta tsaya, tana jira ihun ya ƙara ƙarfi.