Dattijon da Ya Ciyar da Sauraye

Sarkin Sauro ya naɗe hannun rigarsa ya dubi damtsensa, bai ga wurin da cizo ya bari ba ko na ɗigon alƙalami. Shekara goma sha biyu ke nan yana kiwon sauraye a ɗakin binciken zazzaɓi, keji ashirin, kowanne da lambarsa, har abokan aiki suka naɗa masa wannan sarauta ba rawani. Sauraye ne tsarkakakku da ba su ɗauke da cuta, a kansu ake gwada magani. Sai dai macen sauro ba ta yin ƙwai sai ta sha jini. In jini ya yanke zuriyar ta ƙare, aikinsa kuma ya bi ta kabari.

Musabbabin wannan musiba shi ne kwamitin gwamnati mai jera cututtuka bisa muhimmancinsu. A zamansa na ƙarshe ya ɗauko wata annoba da ba wanda ya taɓa ganinta sai a talabijin ya ɗora ta a sama, ya gangaro da zazzaɓin sauro ƙasa da inda kuɗi ke tsayawa. Nan take aka daina kawo jinin da ake saye. Kwamitin kuwa ba ya zama sai wata-wata, ko da sama za ta faɗo.

Ma'aikata suka ba da damatsansu kwana uku, a na huɗu kowa ya tuna yana da uzuri. Farfesa, shugabar ɗakin, ta kai koke ma'aikatar lafiya sau biyu, aka ce ta rubuto. Ta dawo ta ce ta gama da ofisoshi, za ta kai ƙara kotun da ba a ɗaukaka hukuncinta. Sarkin Sauro ya ɗauka addu'a take nufi, ya ce Allah Ya karɓa.

Washegari da hantsi wani dattijo ya yi sallama, tufafinsa fes, yana ƙamshin turare mai tsada. Farfesa ta ce, "Ga mai taimako," ba ta ko ɗaga ido daga madubin binciken ba. Dattijon ya cire agogo ya sa aljihu, ya yi bisimilla, ya zura hannu cikin keji na ɗaya. Sauraye suka yi masa tarba irin ta mayunwata.

"Baba, Allah Ya saka da alheri," in ji Sarkin Sauro. "Duk aikin shugaban kwamitin nan ne, jahili murakkabi mai takardu. Allah Ya haɗa shi da sauro dubu a rana guda. Ka ce amin, Baba."

Dattijon ya runtse ido. "Ai na ga alama an riga an amsa, ɗana."

Haka aka yi ta yi kullum. Safiya ba ta wucewa sai ya zo, keji biyar a dama, biyar a hagu, gobe sauran. Sarkin Sauro ya mayar da tsinuwar wuridi, yana sabunta ta kowace rana: yau shugaban kwamiti ya yi ƙaiƙayi inda hannu ba ya kaiwa, gobe gidan sauronsa ya huje. Dattijon bai taɓa musu ba. Sau ɗaya kawai ya ce la'alla mutumin kuskure ya yi, Sarkin Sauro ya ce kuskuren manya shi ne makabartar ƙanana, ya buɗe masa keji na gaba.

A mako na uku damatsan Baba suka kumbura har agogo ya daina shiga. Sauraye suka yi ƙwai fiye da kowace shekara. Sarkin Sauro ya roƙi Farfesa ta ba bawan Allah hutun kwana ɗaya, ta ce ba ita ta aiko shi ba, ba ta da ikon sallamarsa.

Ranar da wata ya cika, dattijon bai zo da safe ba. Sarkin Sauro ya zauna gaban kejin yana sauraron kukan yunwa, yana istigfari, don ya tabbata sun shanye tsohon mutane.

Bayan azahar sai ga shi da takarda mai hatimin gwamnati. Ya wuce kejin bai dube su ba, ya shimfiɗa ta a teburin Farfesa, ya kama alƙalami da kumburarrun yatsu ya rattaba hannu a ƙasa.

"Kwamitina ya zauna, na mayar da abin da na yanke," in ji shi. "Don girman Allah, 'yata, ki gaya wa mahaifiyarki ta daina turo ni ciyar da jikokinta na cikin keji, ta buɗe mini ƙofar gidana."