Tamu Ya Bar Barci

Da aka ce dogarai za su zo Karaye ɗibar ƙarfafa su yi wa Nasara dako zuwa Jega, Tamu ya rantse sai ya rame. Matarsa Tasalla ta ce, "Bar barci, maigida, shi ka cika jiki."

Ya bari. Amma zama ido biyu yunwa yake kawowa, ya bi ɗumame da gyaɗa da fura. Cikin wata guda rigarsa ta ƙi shiga.

Ranar ɗiba ya tsaya yana haki. Dogari ya taɓa tumbinsa ya ce, "Wanga ba shi kai Jega. Mi yas same shi?"

Tasalla ta yi farat don ta ƙara masa uzuri: "Wata guda bai runtsa ba."

Dogari ya ce, "Madalla. Nasara na biɗar mai gadin dare."