Wa'adin Kwamfutar Malam Tanimu

Yanzu kamfani ke yanke wa kwamfuta wa'adi. Ranar da ya janye hannunsa daga tsohon samfuri, duk sai su mutu lokaci guda. Wa'adin ta Malam Tanimu yau ne, da la'asar.

Tun da idanunsa suka tafi, ita ke karanta masa saƙonnin 'yarsa Larai, wadda ke aure a Sudan. Ya naɗe ta a zane, ya ɗauki sandarsa, ya lalubi hanya zuwa shagon Gambo mai gyara.

"Gambo, buɗe cikinta ka duba."

"Baba, lafiyarta ƙalau. Daga can suke kashewa. In na taɓa, a rufe mini shago."

"To, sabuwar tana jin Hausa?"

"Sun cire. Wai masu saye ba su da yawa."

"Mu ne ba mu da yawa? A Kano?"

Gambo ya mayar da ita cikin zanen, ya miƙa masa.

Malam ya koma gida ya ajiye ta a gabansa. Ana fara kiran la'asar, saƙon Larai ya shigo. Kwamfutar ta ce, "Baba, albishirinka!" Daga nan ta yi shiru.

"Goro," in ji Malam Tanimu.

Har aka idar da salla yana zaune yana jira.